Ƙarfe Biyun Habasha

Lokacin da na shiga aji ɗaya na sakandare, a 1987, akwai sauran malami Ba'indiye guda ɗaya tal a makarantarmu. 'Yan uwansa da suka cika makarantun Arewa a shekarun baya duk sun tattara nasu ya nasu sun koma gida tun da naira ta fara zubewa, shi kaɗai ya rage yana koya mana lissafi. Mun raina bawan Allahn nan ba kaɗan ba. In ya kaɗa kai ba ka sanin e yake nufi ko a'a, Turancinsa kuma ba ma kama rabinsa, yana juya baya zai yi rubutu a allo sai mu hau kwaikwayonsa. Wata rana aka aike ni gidansa da littattafan aji, na same shi zaune a baranda riƙe da wata shuɗiyar wasiƙa irin ta jirgin sama, yana share ido da gefen riga. Ko sallama ban yi ba. Na ajiye littattafan, na ruga na ba abokaina labari, muka yi mako guda muna dariya. Na yi kusan shekara talatin ban sake tuna shi ba.

Abin da ya fitar da ni daga gida talauci ne, irin wanda ke sanye da babbar riga. A 2016 kwalejin kuɗi da nake koyar da kemistiri ta yi wata biyar ba ta ba mu ko sisi ba. Dala ta haura naira 400 a kasuwar bayan fage, kayan masarufi sun yi tashin gwauron zabi, ga yara uku, ga maiɗakina da ciki. Har na kai in na hango mai shagon unguwarmu sai in sake hanya. Wani abokina ne ya turo mini sanarwar cewa manyan makarantun Habasha suna neman malaman kimiyya daga waje. Na nema ba don na sa rai ba, aka kira ni, aka ba ni kwangilar shekara biyu.

Da na je yi wa Baba sallama sai ya gyara zama a kan buzunsa ya ce, "Habasha? Ai ƙasar Najjashi ce. Can Manzon Allah ya tura sahabbai lokacin da Makka ta yi musu zafi. Je ka, Allah ya kai ka lafiya, ka riƙe sallarka." Inna kuwa ba ta ce komai ba. Ta ɗauko robar fenti ta cika mini da kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji da daddawa, ta ɗaure bakin da leda sau uku. Na ce, "Inna, ai ba daji za ni ba." Ta ce, "Riƙe dai."

Na tashi daga Abuja bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki, a watan Satumba. A filin jirgi na Bole da ke Addis Ababa na fara gane an sauya mini duniya. Addis Ababa tana bisa tudu, sama da mita 2,300, matakala goma kawai na hau da jaka sai na ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji. Ga sanyi mai ratsa ƙashi, ni kuma da 'yar shadda ba ko rigar sanyi. Na sha shayi a wani ɗan shago aka ba ni rasit, na duba na ga an rubuta 2009. Na mayar wa yarinyar na ce injinsu ya lalace. Ta dube ni ta yi murmushi, ta ce daidai ne. Ashe kalandarsu daban ce: wata goma sha biyu masu kwana talatin-talatin, da wani ɗan ƙaramin wata na goma sha uku mai kwana biyar ko shida da suke kira Pagume. Sabuwar shekararsu ta shiga ranar 11 ga Satumba, shi ya sa duk tuddan da muka wuce a mota suke lulluɓe da wani fure ruwan ɗorawa da suke yi wa bikin ado da shi.

Ba zan faɗi sunan garin da aka kai ni ba, don akwai mutanen kirki da har yanzu suke aiki a wurin. Yana dai yankin Oromiya, tafiyar wuni guda daga Addis, ƙasa mai koren ciyawa da yawan ruwa. Na kama hayar ɗaki biyu a bayan gidan wata tsohuwa Kirista 'yar cocin Otodoks, wadda kowa a layin yake kira Emama, wato kamar mu ce Iya ko Baba.

Ranar Alhamis shugaban sashenmu ya ce mini darasina na farko ranar Litinin ne da ƙarfe biyu. Na kwana uku ina shiri. Ranar Litinin na yi azahar da wuri, na sa kaftanina mai kyau da hula zanna, biyu saura kwata ina bakin aji. Ba kowa. Na jira minti arba'in, raina ya ɓaci, na wuce ofishinsa ina huci in kai ƙarar ɗalibai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce cikin sanyin murya ɗalibai sittin sun jira ni tun da safe har suka gaji suka watse. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i. Bakwai na safe ita ce ƙarfe ɗaya, takwas ita ce biyu, tsakar rana ƙarfe shida. Na ce, "Wannan wane irin lissafi ne?" Ya ce, "Ku da rana ke fitowa ku ce shida ta yi, wa ya zauna cikin duhu yana ƙirga muku shidan?" Ban sami amsa ba, amma ban yarda ba. A ranar na fara furta maganar da ta zama mini kamar wuridi: a Najeriya ba haka muke yi ba.

In wani ya tambaye ni abin da ya fi wahalar da ni a can, ba zan iya nuna abu ɗaya babba ba. Ƙananan abubuwa ne da ke cizo kullum kamar kuɗin cizo. Ga abinci. Injera suke ci safe, rana da dare. Kamanninta kamar sinasir ne da ya kai faɗin faifai, da ƙananan huji a fuska, ana yin ta da garin wata ƙwaya da ake kira tef wadda ta fi acca ƙanƙanta. Sai ƙullun ya kwana uku ya yi tsami sannan a toya. Loma ta farko na ɗauka ta lalace ne. Ita ce faranti, ita ce cokali, ita ce tuwon. Nama kuma sai ka duba alama, domin mahautan Kirista da na Musulmi daban suke, wannan da gicciye a ƙofar shago, wancan da jinjirin wata. Laraba da Juma'a Kiristocinsu na azumi, ba nama ba madara, gidajen abinci da yawa sai shiro, wata miyar garin wake, da ganye. Ranar da abokan aiki suka gayyace ni liyafa, wani dattijo ya naɗe loma ya nufo bakina da ita. Na kauce kamar an kawo mini mari. Wurin ya yi tsit. Daga baya aka gaya mini gursha ake ce mata, girmamawa ce, ba a yi wa kowa sai wanda ake ƙauna. Na kunyata mutumin a gaban jama'a ban sani ba.

Wata Asabar na ce yau kam tuwo zan ci ko ana ha maza ha mata. Na sayi masara na kai inji, na yi ta kwatance da hannu har mai niƙan ya gane laushin da nake so. Na buɗe robar Inna, na ɗora miyar kuka, na jefa daddawa biyu. Ba a yi minti goma ba na ji ana motsa kaya a tsakar gida. Na leƙa na ga Emama da jikanta da tsintsiya da sanda suna ɗaga buhunan gawayi. Yaron, wanda yake ɗan jin Turanci, ya ce ɓera ne ya mutu a wani wuri suke nema. Na ce musu miyata ce. Tsohuwar ta shigo ta leƙa tukunya, ta ga abu kore yana yauƙi, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta ta fita. Yanzu in na ba da labarin dariya ake yi. A ranar kuwa na ci tuwon nan ni kaɗai ƙofa a kulle, kamar mai cin haram.

Barci ma sai da rabo. Daren Lahadi tun wajen uku na dare lasifikar coci za ta fara rera addu'o'i har gari ya waye, in ta yi shiru kuma kuraye ne ke kuka a bayan gari. A masallaci na ɗauka zan huta, nan ma baƙo ne ni. Yawancinsu Shafi'awa ne, ni kuma na tashi ina sakin hannu a salla yadda Baba ya koya mini. Wata asuba wani tsoho da ke gefena ya jira na sallame, ya kama hannuwana biyu ya ɗora mini a ƙirji yana ta bayani da harshen da ban ji ba. Ni da na haddace Ahalari da Ishmawi tun ina yaro, yau ni ake koya wa tsayuwar salla.

Duk wannan mai sauƙi ne kan abin da ya biyo baya. Ranar 2 ga Oktoba aka yi turmutsutsu a bikin Irreecha na Oromawa a garin Bishoftu, mutane da dama suka mutu. Gwamnati ta ce hamsin da 'yan kai ne, masu adawa suka ce sun fi haka nesa ba kusa ba. Yankin ya ɗau zafi, cikin mako guda aka kafa dokar ta-ɓaci, aka yanke intanet na waya. Kamfanin waya ɗaya ne tilo a ƙasar a lokacin, in an rufe to an rufe. Sojoji suka cika hanya, kujeru suka fara zama wayam a ajina, in na tambayi ina wane sai ɗalibai su sunkuyar da kai. Wani abokin aiki ya ja ni gefe ya ce in daina tambaya.

A cikin wannan hali maiɗakina ta haihu, a watan Nuwamba. Ƙanena ne ya kira ni da dare, layi na yankewa, abin da na ji kawai shi ne, "Yaya, an sauka lafiya, mace ce." Na yi ta kira har kuɗin wayata suka ƙare. Aka yi suna ba ni, shi ya tsaya ya yanka rago. Sai bayan kwana ashirin da shida na ga fuskar 'yata, lokacin da sabunta takardar zama ta kai ni Addis. Na shiga wani otal na sayi shayin da ya kai kuɗin abincina na kwana biyu don kawai a ba ni lambar shiga intanet ɗinsu. Hoton ya ɗauki kusan minti biyar yana buɗewa, daga sama zuwa ƙasa, hula, goshi, ido. Na kifa kai a kan tebur. Ma'aikacin ya zo ya tsaya a kaina, ya ga abin da ke wayar, ya koma bai ce komai ba.

Aji kuma ya ƙi daɗi. Da Turanci ake koyarwa a manyan makarantunsu, amma yawancin ɗalibaina daga ƙauyuka suka fito, sun fi sakewa da Oromanci da Amharik. Ni kuma na saba da ajin gida, inda malami ke ɗaga murya, ya yi barkwanci, a yi musu. A can in na yi tambaya shiru, in sun amsa kuma kamar masu raɗa. Akwai wani abu da suke yi in suna nufin e, sai mutum ya ja numfashi ciki da sauri kamar wanda aka tsorata. Farkon ganina na ɗauka wata ɗaliba ciwon asma ne ya taso mata, har na ce a buɗe taga. Shirunsu ya riƙa tunzura ni, ina ƙara ɗaga murya, su kuma suna ƙara noƙewa. Gwajin farko kusan rabin ajin suka faɗi. Na tsaya a gabansu na ce ban taɓa ganin malalata irinsu ba.

Bayan kwana biyu shugaban sashe ya kira ni. Ɗalibai sun rubuta takarda, sun sa hannu. Ba sa gane Turancina, ina magana da sauri, kullum faɗa nake yi musu, suna jin tsorona. Ni da na yi shekara goma sha biyar ina koyarwa, wanda ɗalibai ke cika ajinsa har taga. Na fito daga ofishin ƙafafuna na rawa. Da na ratsa ta bayan ajin sai na ji wani yaro yana kwaikwayon muryata, yana ja wa kalmomi wutsiya yadda muke yi, sauran suna ƙyalƙyala dariya. A nan Ba'indiyen nan ya faɗo mini a rai, da barandarsa, da shuɗiyar wasiƙarsa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta kawo ni. Ƙasar na fama da ƙarancin dala, aika kuɗi gida ya zama aikin yini da yini. Kalmomi biyu na fara haddacewa a harshensu tun kafin gaisuwa: yellem, wato babu, da nege, wato gobe. Ka cika takarda, a buga hatimi, a tura ka wani tebur, mai teburin ya tafi shan gahawa, ya dawo ya ce nege. Akwai lokacin da kuɗin makarantar yara suka yi mako bakwai a hanya, maiɗakina ta sayar da 'yan kunnenta ba ta gaya mini ba sai daga baya. Ranar da na yi ihu a banki kowa ya juyo yana kallona da tausayi, yadda ake kallon mai taɓin hankali. A can ɗaga murya zubar da mutunci ne, wanda ya yi shi ne ya faɗi, ko da gaskiyarsa.

A ƙarshen Fabrairu 2017 na rubuta takardar ajiye aiki. Na ninke ta na sa cikin Alƙur'anina, da niyyar in kai ranar Litinin. Daren Asabar zazzaɓi ya kwantar da ni, aka ce taifot ne. Kwana biyu ban buɗe ƙofa ba. A na uku Emama ta sa jikanta ya ɓalle sakatar taga ya shiga. Ita ta sa aka kira bajaj, irin A Daidaita Sahun nan namu, aka kai ni asibiti, ita ta tsaya a layin magani. Da muka dawo ta riƙa dama mini atmit, wani kunu mai laushi da suke ba majinyata da masu jego, tana zaune a bakin gado sai na shanye. In na ture kofin sai ta ce, "Bila, lije." Ci, ɗana.

Abin da ba zan manta ba shi ne kazar. Lokacin babban azuminsu ne na kwana 55 kafin Ista, wanda ko ƙwai ba ya shiga tukunyarta. Ta ga na rame, ta sayi kaza, ta kai wa wani maƙwabcinmu Musulmi ya yanka da bisimilla don ta san ba zan ci yankan da ba na Musulmi ba, ta ari tukunyar matarsa don kada ta ɓata tata, ta dafa a waje tana kawar da fuska daga tururin. Ta kawo ta ajiye, ta koma ta ci shironta. Matar da na yi wata biyar ina gaishe ta sama-sama, ina jin haushin lasifikar cocinta, ina cewa a raina waɗannan mutane ba su waye ba. Da ta fita na jawo bargo na rufe fuska.

Ba zan ce daga ranar komai ya gyaru ba, ƙarya ne. Takardar dai ta zauna inda take. Da na fara warkewa sai na daina ƙin amsa kiran buna, wato gahawarsu. Da can in ta aiko sai in ce ina da aiki, don na ga abin yana cin awa guda da rabi. A shimfiɗa ɗanyar ciyawa a ƙasa, a sa turaren wuta, a soya 'ya'yan gahawa a kasko a zagaya da hayaƙin kowa ya shaƙa, a daka a turmi, a dafa a wani tulun ƙasa mai dogon wuya da ake kira jebena. Zagaye uku ake sha, na ƙarshen sunansa baraka, kuma tashi kafin shi rashin ladabi ne. A wannan zama na gane duk abin da nake bi ofis-ofis ina nema a nan ake warware shi. Wata maƙwabciya da ke zuwa shan buna ashe ƙanwarta na aiki a bankin da nake ihu. Ba cin hanci, ba komai, sanayya kawai. Kamar dai yadda in baƙo ya zo garinmu bai taɓa zama a majalisa ba, bai je jana'izar kowa ba, sannan ya yi mamaki don ba a san shi ba.

A nan kuma na fara tsintar harshe, na gano wata baiwa da ban san ina da ita ba. Amharik yana da sautin ƙ da ts irin namu sak, Oromanci kuma yana da ɗ, suna rubuta shi dh. Turawa da Indiyawan da ke aiki tare da mu sun yi shekaru suna fama da su, ni kuwa da su aka haife ni. Ranar da na koma aji na rubuta kalmar tsehay, wato rana, na faɗe ta, na bi ta da ƙey, ja. Ajin ya yi tsit, sai tafi ya ɓarke. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta ce, "Ticha, sake faɗa." Na ce sai in ita ma ta faɗi "ƙanƙara ta tsattsage". Ta faɗa daidai. Daga nan na ba su haƙuri kan kalmar da na kira su da ita. Na rage murya, na rage gudu, duk abin da na faɗa sai na rubuta a allo, kowane minti ashirin in tsaya wani ɗalibi ya maimaita wa sauran da harshensu. Ashe yaran nan da na kira malalata wasunsu da ƙamus suke kwana, suna fassara littafin kemistiri kalma bayan kalma.

Maganar agogo ma wani ɗalibi ne ya kashe bakina. Ya tambaye ni, in Bahaushe ya ce daren Juma'a, wane dare yake nufi? Na ce daren Alhamis wayewar Juma'a. Ya ce to a kalandar wa? Na yi shiru. Ni ɗin da nake yi musu gorin 2009, a gidanmu 1438 muke ciki, kuma da faɗuwar rana kwananmu yake sauyawa. Lasifikar coci kuwa, na tuna wani ma'aikacin lafiya ɗan Kudu da ya yi haya kusa da masallacin unguwarmu shekara huɗu, tafsiri da tahajjud duk a kunnensa, ban taɓa tunanin yadda yake barci ba.

Wasu abubuwan har na baro ƙasar ban saba da su ba, kuma ba na jin laifina ne. Kitfo, ɗanyen naman da suke niƙawa da man shanu da yaji, sau ɗaya na ɗanɗana don kunya, ban ƙara ba. Cikin azumin 2017 aka sake rufe intanet a ƙasar baki ɗaya na kwanaki saboda jarrabawar ƙasa, na yi buɗa baki da shorba da sambusa a masallaci ban san halin da gida ke ciki ba. A Oktoba na shekarar aka karya darajar kuɗinsu, bir, da kashi 15 cikin ɗari, ɗan abin da na tara a hannu ya zube dare ɗaya. Har gobe ina ganin an wahalar da mu a banza a wasu wurare. Sai dai na koyi jin haushi ba tare da na raina mutane ba, abin da da can ban iya rabawa ba.

Akwai kuma abubuwan da suka riƙa sanyaya mini rai. Direbobin bajaj in suka ji ni ɗan Najeriya ne sai su dafe kai su ce Emenike, don ba su manta ƙwallo biyun da ya zura musu a Addis a 2013 ba, lokacin da muka hana su zuwa gasar cin kofin duniya. In na ga tirelar simintin Dangote, wanda ya buɗe masana'anta a Mugher a 2015, sai in tsaya a bakin titi ina kallonta har ta ɓace, kamar na ga ɗan unguwarmu.

Ina can Firaminista Hailemariam Desalegn ya ajiye mulki a Fabrairu 2018, Abiy Ahmed ya hau a Afrilu, ɗalibaina suka yi ta rawa a titi, wasu daga cikin masu kujerun da suka zama wayam suka dawo, sun rame sun yi shiru. Da kwangila ta ƙare aka ce in sabunta. Na yi istihara, na ce a'a. Baba ya tsufa, kuma sau ɗaya kawai na je gida a shekara biyun. Na yi niyyar in ziyarci Negash a yankin Tigray, inda masallacin nan mai tarihi da ƙaburburan da ake dangantawa da sahabbai suke, don in ba Baba labari. Na yi ta cewa nege har na taho. Da yaƙi ya ɓarke a 2020 na ga hoton masallacin an fasa masa ƙubba.

Ranar da na iso gida 'yar autata ta ɓuya a bayan zanen uwarta tana kuka, sai da aka yi mako biyu kafin ta yarda in ɗauke ta. Abin da na tara ya biya bashi, ya gina ɗaki biyu a filin da Baba ya ba ni, shi ke nan. Masu cewa na je waje na dawo da dala ba na musu da su. Yanzu ina koyarwa a wata makaranta a nan gida. Maiɗakina ta ce har yau in tana ba ni labari nakan ja numfashi kamar an tsorata ni, yara kuma suna kwaikwayona in na juya baya. Takardar ajiye aikin tana nan cikin Alƙur'anin, ta yi ja.

Emama ta ba ni jebena da zan taho, hannun jebenar ya karye a jirgi, tana nan bisa kabad tsakanin kwanonin maiɗakina. Kowace Sallah sai jikanta ya turo saƙo cewa tana son ta yi mini barka. A Ƙaramar Sallar da ta wuce ya rubuto cewa za su kira gobe da ƙarfe biyu. Na tambaye shi, biyun wa? Ya ce nata. Na cire awa biyun da ke tsakanin ƙasashenmu, ya kama shida na safe ke nan a nan. Na dawo daga masallaci na zauna a tsakar gida da waya a hannu, yara na ta rigimar wanka, ta kira shida da minti goma. Ba ta jin Hausa, Amharik ɗina kuma ya zube, muka yi ta jera gaisuwa. Sannan ta sa yaron ya tambaye ni ko har yanzu ina cin miyar nan ta mataccen ɓera.